Yadda Ake Daidaita Kibau Da Kiɗa A Wasannin Rawa: Darasin BPM Da OFFSET

Duk wanda ya taɓa buga Piano Tiles ko Magic Tiles 3 a wayarsa ya san daɗin da ake ji idan yatsa ya sauka daidai kan kiɗa. Ya kuma san takaicin da ke biyo baya idan ya duba jerin waƙoƙin wasan bai ga ko ɗaya ta Hausa ba. To akwai wasannin da ke ba ka damar saka waƙar da kake so, ka tsara mata kibau da kanka. Wannan tsarin kibau shi zan riƙa kira taswirar taku. Zana kibau ba shi da wuya, yaro ma zai iya. Inda ake faɗuwa shi ne wajen sa su zauna daidai kan bugun kiɗa daga farkon waƙa har ƙarshenta, kuma shi ne darasinmu na yau.

Asalin abin daga Japan ne. A 1998 kamfanin Konami ya fito da Dance Dance Revolution, injin da ake hawa kansa a taka kibau huɗu da ƙafa: hagu, ƙasa, sama, dama. A 1999 kamfanin Andamiro na Koriya ta Kudu ya fito da Pump It Up mai wurin taku biyar. Sai a 2001 aka samu StepMania, manhajar kyauta ta kwamfuta wadda kowa zai iya zuba mata waƙarsa, kuma daga jikinta aka samu su Etterna da Project OutFox da ITGmania. A waya akwai Malody da osu!, dukkansu suna da salon layi huɗu da ake bugawa da yatsu. Zan yi misali da fayil ɗin StepMania saboda rubutu ne zalla da ido ke iya karantawa, amma lissafin ɗaya ne a ko'ina.

Me ya sa sai an yi taka-tsantsan haka?

Saboda wasan da milisakan yake hukunci, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. A saitin StepMania na asali, kafin ka samu maki mafi girma dole takunka ya faɗa cikin milisakan 22.5 kafin bugun ko bayansa. Matakin da ke biye 45 ne, sai 90, sai 135, na ƙarshe 180. Ka wuce nan, ka rasa kibiyar. Idan taswirarka ta kauce da milisakan 40 kacal, wanda ke bin kiɗa da kunnensa daidai ba zai ga maki mafi girma ba komai ƙwarewarsa. Abin da ya fi muni, sabon ɗan wasa ba zai gane laifin taswira ba ne. Zai ɗauka hannunsa ne ba ya da kyau, ko dai ya bar wasan, ko ya koyi bugawa a karkace.

Lambobi biyu ke riƙe da komai. Ta farko BPM, adadin bugu a minti ɗaya. Ta biyu OFFSET, wato wurin da bugu na farko ya faɗo a cikin fayil ɗin sauti. Ka ɗauke su kamar dasa turaku a gona: OFFSET ne wurin turke na farko, BPM kuma tazarar da ke tsakanin turke da turke. Turken farko ya kauce, duk layin ya kauce da tazara iri ɗaya. Amma idan igiyar awon ce ta gaza ko da ɗan yatsa ne, farkon layi zai yi kyau, ƙarshensa ya shiga gonar maƙwabci.

Nemo BPM

Tazarar bugu da bugu ita ce 60 a raba da BPM. Waƙa mai BPM 120, kowane bugu rabin sakan ne. Mai 110, sakan 0.545.

Yawancin mutane suna buɗe manhajar da ake ƙwanƙwasa sikirin ta faɗi BPM, su ɗauki abin da ta ba su su wuce. Wannan ya isa a san unguwar da lambar take, bai isa a san gidan ba. Ga dalili. A ce waƙa minti 4 ce, BPM ɗinta na gaskiya 120, kai kuma ka rubuta 120.1. Kuskuren kamar ba komai ba. Amma sakan 240 sau 0.1 a raba da 120 ya ba da sakan 0.2. Wato kafin waƙar ta ƙare kibanka sun riga kiɗa da milisakan 200, sun fita daga tagar ƙarshe gaba ɗaya.

Hanyar da ta fi ita ce auna wurare biyu masu nisa da juna. Ka buɗe waƙar a manhajar da ke nuna zanen sauti, kamar Audacity a kwamfuta, ko wata manhajar yanka sauti a waya wadda ke bari a zuƙo zanen sosai. Ka nemo bugu na farko mai ƙarfi ka rubuta lokacinsa. Mu ce sakan 0.412. Wannan shi ne bugu na 0, domin daga sifiri ake fara ƙirga. Sai ka bi waƙar kana ƙirga huɗu-huɗu har kusa da ƙarshe. Mu ce bugu na 400 ya faɗo a sakan 218.594. Ka cire na farko daga na biyu, ya rage 218.182. Sai ka yi 400 sau 60, wato 24,000, ka raba da 218.182. Amsa 110.

Ba dole ne ka ƙirga 400 da baki ba. Ka fara da bugu 16, ka fitar da BPM na wucin gadi, ka yi amfani da shi ka hasko inda bugu na 64 zai faɗo, ka je ka duba zanen ka gyara, sannan ka yi tsalle zuwa na 200, haka har ƙarshe. Manhajar ArrowVortex ta Windows, wadda don wannan aikin aka yi ta, tana shimfiɗa layukan bugu a kan zanen sautin, har tana iya lalubo BPM da kanta. Ba ta da nauyi, tsohuwar laftof ma za ta ɗauke ta. Wanda ba shi da kwamfuta, awa ɗaya a kan ta aboki ɗan Poli ta Hussaini Adamu ko ɗan Informatics a Kazaure ta ishe shi ya fitar da lambobin waƙa uku ko huɗu, sauran aikin ya ƙarasa a waya.

Waƙoƙin da ake haɗawa a situdiyo da FL Studio da makamantanta, irin na finafinai da na biki da muke ji kullum, kwamfuta ce ke riƙe musu lokaci, saboda haka galibi BPM ɗinsu cikakkiyar lamba ce. Idan lissafinka ya ba ka 109.98 ko 110.03, kusan tabbas 110 ne, ka gwada shi tukuna. Idan kuwa waƙar ta abokinka ce da ya yi a situdiyo, kada ka wahalar da kanka. Ka ce ya tambayi mai haɗa kiɗan, lambar tana nan a saman allon aikinsa.

Inda kiɗanmu ke rikita manhaja

Wannan sashen ba za ka cika samun bayaninsa a darussan Turawa ba, domin waƙoƙin da suke aiki da su yawanci bugu biyu-biyu ko huɗu-huɗu suke rabuwa. Kiɗan Hausa da yawa, na kalangu da na ƙwarya da na fiyano da ke kwaikwayonsu, bugunsu gida uku yake rabuwa.

Ga yadda za ka gane. Ka sa waƙar, ka riƙa taka ƙafa a kan babban bugun, wanda kai ke kaɗawa da kansa idan an ji shi. Tsakanin taku da taku ka gwada faɗin "Ro-ni, Ro-ni", gaɓa biyu a kowane taku. Idan ya zauna, rabon biyu ne. Ka gwada "Ba-bu-ra, Ba-bu-ra", gaɓa uku a kowane taku. Idan wannan ne ya hau kiɗan ba tare da ka ja ko ka matse ba, rabon uku ne. Na huɗu kuma "Ro-ni-Gwi-wa" a taku guda. Kunne ba ya ɓata a wannan gwajin.

Amfanin sanin haka biyu ne. Na farko, manhajar da ke lalubo BPM takan ruɗe da rabon uku. Waƙar da take 110 sai ta ce maka 165, wato ta ninka sau ɗaya da rabi, ban da kuskuren da aka saba na 55 ko 220. Idan ka karɓi 165, layukan za su riƙa dacewa da wani abu a cikin kiɗan, shi ya sa yake yaudara, amma babban bugun zai riƙa faɗowa wani lokaci kan layi, wani lokaci tsakanin layi. Ƙafarka ce alƙali, lambar da ta dace da takunka ita za ka ɗauka. Na biyu, shi zai gaya maka layi nawa za ka yi a kowace gaɓa ta fayil, kamar yadda za mu gani yanzu.

Cikin fayil ɗin

A StepMania kowace waƙa tana da foldarta a cikin foldar rukuni, a ƙarƙashin Songs. A ciki akwai sautin da kuma fayil mai ƙarewa da .sm ko .ssc. Ka buɗe shi da kowace manhajar rubutu, ko ta waya ce. Layukan da suka shafe mu su ne:

#MUSIC:waka.ogg;
#OFFSET:-0.412;
#BPMS:0.000=110.000;

Ka lura da alamar ragi a gaban 0.412. Haka tsarin yake: idan bugu na farko ya zo bayan fara sauti da sakan 0.412, da ragi ake rubuta shi. Wanda ya manta da ita ya kauce da ninki biyu na lambar. Daga nan ka riƙe wannan: idan kibau suna riga kiɗa isowa, ka ƙara nisa cikin ragi, daga -0.412 zuwa -0.432 misali. Idan suna makara, ka dawo wajen sifiri.

Kibau kuma a ƙasa suke, kowane layi lamba huɗu: hagu, ƙasa, sama, dama. 0 babu komai, 1 taku, 2 farkon kibiyar da ake dannewa a riƙe, 3 ƙarshenta, M nakiya ce da ake gudu. Waƙafi ke raba gaɓa da gaɓa, kuma kowace gaɓa bugu huɗu ce:

1000
0100
0010
0001
,

Layi huɗu, kibiya ɗaya a kowane bugu. Ka yi layi 8 a gaɓa, ka samu "Ro-ni". Ka yi 16, "Ro-ni-Gwi-wa". Don "Ba-bu-ra" layi 12 ake yi, ko 24 idan kiɗan ya yi ruwa. Wanda ya cusa kiɗan rabon uku a cikin layi 16 zai ga babban bugun ya zauna, amma ƙananan da ke tsakani sun kauce. A BPM 110, kashi ɗaya cikin uku na bugu milisakan 182 ne, kashi ɗaya cikin huɗu kuma 136. Bambancin ya kai 45, kuma babu OFFSET ɗin da zai gyara shi. A yawancin fatun wasan launi ma yana tona asiri: kibiyar kan bugu ja ce, ta rabi shuɗiya, ta rabon uku ruwan malmo.

Wajen ɗaukar lokacin bugu a zanen sauti, ka sa alama a inda zanen ya fara tashi, ba a ƙololuwarsa ba. Ka zaɓi sauti mai kaifi, kamar tafi ko dukan ganga. Kada ka bi muryar mawaƙi, domin gwanin mawaƙi da gangan yake jan kalma ko ya riga kiɗa, nan ne ma daɗin yake.

Laifin waƙa da laifin na'ura

A ganina wannan ne ya fi komai muhimmanci a darasin, kuma shi ne ke ɓata taswirori masu kyau. Jinkiri iri biyu ne. Akwai na waƙa, wanda OFFSET ke gyarawa. Akwai na na'urarka: lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya fito daga lasifika, da wanda sikirin ke ɗauka kafin ya nuna hoto ko ya ji yatsa. Sikirin mai sabunta hoto sau 60 a sakan, kowane hoto milisakan 16.7 ne. Iyafis na Bluetooth ya fi kowa laifi, jinkirinsa yakan wuce milisakan 100, wani har 200. Iska ma tana da nata kason: sauti na tafiyar kusan mita 343 a sakan, don haka lasifikar da ke nesa da kai da mita 3 ta ƙara maka kusan milisakan 9.

Idan ka sa Bluetooth a kunne ka daidaita waƙa har ta yi maka daidai, jinkirin iyafis ɗinka ka zuba a cikin fayil. Ka tura wa wani a Gwiwa mai iyafis na waya, a wurinsa komai ya karkace. Saboda haka na'ura ake fara daidaitawa. Kusan kowane wasa yana da wurin gwajin jinkiri a cikin saiti, inda zai buga maka sauti ka riƙa dannawa. A StepMania sakamakon yana zama a layin GlobalOffsetSeconds cikin Preferences.ini. Ka yi wannan da iyafis mai waya, sannan ka taɓa waƙa. Duk ranar da ka canza iyafis ko lasifika, ka sake gwajin.

Idan wani abu bai zauna ba, yanayin kaucewar zai gaya maka mai laifi. Duk waƙoƙin da ke wasan sun makara iri ɗaya, har da waɗanda ƙwararru suka yi? Na'ura ce. Waƙarka kaɗai ce, kuma tazarar ba ta canzawa daga farko zuwa ƙarshe? OFFSET ne. Farko lafiya, tsakiya da ɗan dama, ƙarshe ya watse? BPM ne. Ana tafiya daidai sai kwatsam a wuri ɗaya komai ya goce ya ci gaba a goce? An yanke wani abu a cikin sautin, ko makaɗa sun ɗan tsaya, sai ka nemi wurin ka sa tsayawa a layin #STOPS.

Don gwaji, StepMania tana da tafin taimako da ake kunnawa da F7 ana cikin wasa, tana tafawa a kan kowace kibiya. Ka rufe ido ka saurara. Idan tafin ya narke cikin ganga kamar sauti ɗaya, an dace. Idan kana jin "ta-tam" biyu a manne, da saura. Rage gudun waƙar yana sa kunne ya fi kama bambancin. F11 da F12 suna matsar da OFFSET, F6 kuma tana kunna daidaitawa ta atomatik, inda wasan ke duba matsakaicin takunka ya gyara. Ni dai ban cika yarda da ita ba sai a hannun wanda bugunsa ya riga ya nuna, domin abin da ka ba ta shi za ta mayar maka.

Fayil ɗaya, ba waƙa ɗaya ba

Taswira ba da waƙa ake ɗaura mata aure ba, da fayil ake ɗaurawa. Mu nan waƙa takan bi hannu goma kafin ta iso: daga mai tura waƙoƙi a shagon caji, zuwa Xender, zuwa WhatsApp. Wani ya liƙa tallarsa a farko, wani ya yanke shirun farko, wani daga bidiyo ya ciro ta, wata kuma irin ta TikTok ce da aka ƙara wa gudu. Kwafin da ke wayarka a Kazaure da wanda ke wayar abokinka a Babura suna iya zama waƙa ɗaya a kunne, amma OFFSET daban, wani lokaci har BPM daban. Don haka folda ake turawa gaba ɗaya, a dunƙule ta a zip, kada a ce wa mutum "ai kana da waƙar".

Shi kansa MP3 yana da wani hali. Wajen matse sauti yakan ƙara ɗan shiru a farko, wanda a fayil ɗin da aka yi da LAME yakan kai ɗigo 1,105 cikin 44,100 na kowane sakan, kusan milisakan 25. Wata manhaja tana cire shi, wata ba ta cirewa, kuma 25 ta riga ta wuce tagar 22.5. Shi ya sa masu wannan harka suka fi son OGG. Ka juya sautin zuwa OGG tun kafin ka fara awo, ka yanke shi yadda kake so, daga nan kada ka sake taɓa shi. Minti biyu ya isa. Waƙoƙin injinan rawa na asali ma a tsakanin minti ɗaya da rabi zuwa biyu suke. Idan kuma za ka yaɗa aikin ga jama'a, waƙar tana da mai ita, ka nemi izini ko ka yi da ta abokin da ya yarda.

Kiɗan da hannu ya buga

Mai son ya gwada ƙarfinsa sai ya ɗauko tsohon faifai: kalangun Alhaji Mamman Shata, ko kuntigin Ɗan Maraya Jos, ko kiɗan ƙwaryar Barmani Choge. Waɗannan babu kwamfutar da ta riƙe musu lokaci. Makaɗa suna ƙara wuta idan waƙa ta yi zafi, su sassauta idan za a yi magana. Ga shi da yawan abin da ke yawo a wayoyi daga kaset aka kwafo, shi kuma kaset gudunsa ba ya tsayawa cak. BPM ɗaya ba zai taɓa riƙe irin wannan ba.

Abin yi shi ne a yanka waƙar gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da nata BPM. Mu ce bugu 16 na farko sun ɗauki sakan 9.20. 16 sau 60 ya ba da 960, a raba da 9.20, an samu 104.348. Sha shida na biye sun ɗauki 9.05, an samu 106.077. Sai ka rubuta:

#BPMS:0.000=104.348,16.000=106.077;

Haka za ka ci gaba har ƙarshe. Inda kiɗan ya nutsu, gunduwa mai bugu 16 ko 32 ta wadatar. Inda yake rawa, ka sauko 8 ko 4. Kada ka sauko zuwa kowane bugu da nasa BPM, domin gudun kibau a sikirin zai riƙa fizga, ido ya gaji. Kuma daga farko ake bi zuwa ƙarshe, saboda duk gyaran da ka yi a baya yana ture duk abin da ke gabansa. Ka gama da gunduwa, ka saurare ta da tafi, sannan ka wuce.

Aiki ne mai cin lokaci, minti biyu na kalangu zai iya cinye maka yamma guda. Shawarata ita ce kada ka fara da shi. Ka fara da waƙar situdiyo mai ganga a fili, ka sa kibiya ɗaya a kowane bugu, hagu da dama kawai, ka saurari farko da tsakiya da ƙarshe. Sai tafi ya zauna a wuraren nan uku za ka goge su ka fara tsara taku na gaske. Idan don ƙafa kake tsarawa ba don yatsu ba, ka tashi tsaye ka taka abin da ka rubuta a kan tabarma: ƙafar hagu da ta dama su riƙa karɓa-karɓa, kuma kada kibau uku su faɗo lokaci guda.